Kwalba Ta Ƙwace Mana Harshe: Amsa Ga Masu Jin Kunyar Zoɓo A Taronmu



Tun ranar da kwamitin shirya taron shekara ya sanar cewa bana ba za a sayi lemon kwalba ko na gwangwani da kuɗin ƙungiya ba, za a ba matan unguwanninmu aikin zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi da ruwan tsamiya, wayoyinmu ba su huta ba. Wasu sun fito fili a zauren WhatsApp, wasu sun bi ta bayan gida. Maganar dai guda ce: wai za mu ji kunya a gaban baƙin da za su zo daga Abuja da Minna, a ce taro guda a cikin garin Suleja an jera wa manyan baƙi zoɓo kamar ana walimar suna a ƙauye. Wani ma cewa ya yi in kuɗi ne babu a faɗa masa, zai sauke katan-katan daga aljihunsa. Mun gode, Allah ya ƙara buɗi, amma ba za mu karɓa ba. Asusun ƙungiya bai gaza sayen lemo ba. Abin da ya sa muka tsaya a kan wannan shawara shi ne mun lura da yawanmu, manya da yara, ba mu ƙara sanin abin da bakinmu ke so ba. Talla ke zaɓa mana, farashi ke zaɓa mana, launi da ƙyallin roba ke zaɓa mana, mu kuma mu haɗiye mu ce da daɗi.

Duk mai musu ya gwada wannan a gidansa yau. Ya tambayi wanda ya fi kowa son lemon kwalba me yake ji a cikinsa. Zai ce daɗi. A sake tambaya, wane irin daɗi? Zai ce sanyi. A matsa masa kaɗan, zai ce zaƙi da gas. Daga nan magana ta ƙare. To a ajiye wannan kwalbar ta huce, sanyin ya fita, iskar ta fice, a miƙa masa. Da ƙyar zai sha rabi, don zaƙin zai hau masa kai. Sanyi mai tsanani yana dakushe harshe, shi ya sa yake ɓoye yawan sukari, yake kuma ɓoye rashin komai a bayan sukarin.

Ku kwatanta wannan talaucin bayani da kalmomin da muka gada. Bahaushe bai tsaya ga daɗi da rashin daɗi ba. Yana da zaƙi, da tsami, da ɗaci. Yana da bauri, wanda goro da ɗanyar kanya ke ɗaure baki da shi. Yana da garɗi, na soyayyar gyaɗa da gasasshiyar aya. Yana da gafi, na waken da bai nuna a tukunya ba. Yana da zartsi, na ruwan wata rijiyar. Yana da maƙaƙi, wanda ba a harshe yake zama ba, a maƙogwaro yake tsayawa. Yana da ƙarni na ƙwai da ɗanyen kifi, da ƙauri na kunun da ya kama a gindin tukunya, da lami na abin da ba gishiri ba zaƙi. Mutanen da ba su damu da abin da ke shiga bakinsu ba, ba za su zauna su raɗa wa kowane ɗanɗano suna haka ba. Yanzu a tara 'yan sakandare na Suleja a tambaye su mene ne gafi, mene ne zartsi, a ga hannu nawa zai tashi. Kalma takan mutu ne in abin da take nufi ya bar baki. Ko ɗanɗano na biyar da masana ke magana a kai, wanda wani masanin Jafan mai suna Kikunae Ikeda ya gano sinadarinsa a 1908, kakanninmu mata sun daɗe suna fitar da shi daga kalwa suna kiransa daddawa, tun kafin a san za a naɗe dunƙule a takarda mai ƙyalli.

A nan za mu kawo misali daga wurin da wasu ba za su so ba, wato masu giyar inabi na ƙasar Faransa. Tun kafin a fara rubuto mana wa'azi a ƙasa: ba ma sha, ba ma sayarwa, ba ma kiran kowa gare ta, hukuncinta a wurin Musulmi ba ɓoyayye ba ne. Mun kawo su ne don babu wasu mutane a duniya da aka gwada harshensu aka rubuta sakamako kamar su, kuma sakamakon ya shafi rigimarmu kai tsaye. Su can sana'a ce guda, mutum ya shekara da shekaru yana koyon yadda zai duba abin sha, ya shinshina, ya kurɓa kaɗan, ya juya a baki, ya faɗi daga wane yanki aka tsinko inabin. Tun 1855 suka jera gonakin yankin Bodo daraja-daraja, a 1935 kuma gwamnatinsu ta kafa hukumar da ke kare sunan kowane yanki, yadda wani ba zai yi nasa a wani wuri ya lanƙaya masa sunan ba.

To duk da wannan ƙwarewa, ga abin da ya same su. Ranar 24 ga Mayu 1976, wani ɗan kasuwa Bature ɗan Ingila mai suna Steven Spurrier ya tara alƙalai tara 'yan Faransa a birnin Paris, aka ɓoye sunayen kwalabe, aka haɗa na Faransa da na jihar Kalifoniya ta Amurka, waɗanda a lokacin ake yi wa kallon kayan ƙauye. Da aka tara maki, na Kalifoniya ne suka zo na ɗaya a ɓangarorin biyu, fari da ja. Harshen alƙalan da kansu ne ya zaɓi abin da bakinsu ya saba rainawa. A 2001 aka buga wani gwaji na jami'ar Bodo, inda wani mai bincike, Frederic Brochet, da abokan aikinsa suka ba ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni farar giya da aka rina ta koma ja da rini marar ƙamshi. Ɗaliban suka yi ta siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Ido ya riga hanci, ya riga harshe. A 2008 kuma a Kalifoniya aka ba mutane abu ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce kuɗinsa dala 10, sau ɗaya aka ce dala 90, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Suka ce na dala 90 ya fi daɗi, kuma na'ura ta nuna ɓangaren jin daɗi na ƙwaƙwalwa ya fi motsi da aka ambaci babban farashi. Ba ƙarya suka yi ba, da gaske sun ji ya fi daɗi. Farashin ne ya shige musu baki.

Idan suna, launi da farashi za su yi wa ƙwararru haka, ina ga mu da ba mu taɓa zama mun gwada ba? Mai cewa baƙon Abuja zai raina zoɓo, ba harshen baƙon yake karewa ba. Takardar da ke manne a jikin kwalbar yake karewa. Kuma abin dariyar shi ne wannan baƙon da ake jin kunyarsa, a manyan wuraren cin abinci na Wuse da Maitama yana biyan kuɗi mai kauri a kawo masa zoɓon nan a dogon kofin gilashi, an yanka masa lemon tsami a baki, an sa masa sunan Turanci. Can abin burgewa ne, nan gida abin kunya.

Ku duba inda kayanmu ke zuwa. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa, Kano da Katsina, buhu-buhu ake loda shi zuwa ƙasar Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kullum a gidajensu da kasuwanninsu. A Masar da Sudan karkade suke ce masa, ana ba baƙo da girmamawa. A Senegal bisaf ne, kowa na alfahari da shi. Aya kuwa, a yankin Balensiya na ƙasar Sifaniya suna yin kunun aya irin namu, sun mayar da shi abin tinƙahon garinsu, har doka ta kare sunan ayar yankin. Da yake tasu ba ta isarsu, daga Nijar, Mali da Burkina Faso suke cikewa. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun farga, sun je sun yi rajistar sunan kilishinsu da albasar Galmi don kada wani ya ci da guminsu. Mu kuwa ga cittar Kachia da Kwoi a bakin ƙofarmu, ga tsamiya, ga gero da dawa a kasuwar IBB da Madalla da Dikko, muna tattaunawa a kan ko ya dace a ga zoɓo a teburin manya.

Wannan garin ma ya fi kowane gari rashin hujjar wannan kunya. Nan ne garin tukwane. Nan Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, lokacin ana kiran garin Abuja, nan Ladi Kwali ta yi aikin da ya kai hotonta bayan takardar naira 20. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da randa a gindin inuwa ya san ruwa ma yana da ɗanɗano, ya san ƙamshin sabuwar randa da aka turara, ya san sanyin da ke kashe ƙishi ba ya sa haƙori tsami. Yaranmu na yau ruwan leda kawai suka sani, wanda in ya kwana a rana warin roba yake yi, kuma ba sa ma jin warin.

Ba za mu bar masu yin zoɓo da kunu su tafi salin-alin ba, don su ma suna da kaso a wannan ɓarna. Da yawa daga abin da ake sayarwa a tasha da bakin makarantu yanzu sunan zoɓo kawai ya ara. An tsinka shi da ruwa har ya koɗe, an dawo da launin da kala, an dawo da tsamin da ɗan tsami na leda, an zuba filebo na abarba ko na kola, an cika da sukari ko garin zaƙin nan da ake aunawa da bakin cokali. Wato zoɓo yana ƙoƙarin zama lemon kwalba, don mai saye abin da ya sani ke nan. Muna jin uzurinsu: citta ta yi tsada tun da cuta ta faɗa wa gonakin kudancin Kaduna a 2023, kanumfari ba arha, in ka yi mai kyau ka ɗaga kuɗi yaro ya wuce ka. Gaskiya ne. Amma mu tuna abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021, gab da azumi, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu, bayan shan abin sha da aka haɗa da garin ɗanɗano. Binciken hukumar NAFDAC ya nuna akwai sinadari mai guba da aka sayar da sunan ɗan tsami. A ƙasar da tsamiya ke zuba a ƙasa, da zoɓo mai tsamin kansa, mutane suka mutu a kan tsamin leda. Ruwa ba ya tsami banza. Sai da muka daina bambance tsamin tsamiya da tsamin gari, sannan garin ya samu kasuwa.

Ga kuma maganar sukari, wadda ba ta kisa a rana ɗaya shi ya sa ba a tsoronta. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato wajen ƙaramin cokali 12, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Robar lemo ɗaya ta santilita 50, irin mai cikakken sukari, ita kaɗai tana kai wa wajen wannan adadin. A taron biki mutum zai sha biyu, ya sa ɗaya a aljihu. Gwamnatin tarayya da kanta ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a Dokar Kuɗi ta 2021. Mu da ke riƙe da littafin tallafin ƙungiya mun san sau nawa ake kawo takardar asibiti ta ciwon sukari da hawan jini ana neman a taimaka. Ba daidai ba ne mu fitar da kuɗi daga asusu ɗaya mu sayi katan-katan na sukari, sannan mu dawo asusun mu fitar da kuɗin magani.

Hujja ɗaya ce daga cikin hujjojin masu adawa take da nauyi, ita ce tsafta. Sun ce kwalba a rufe take, an san inda ta fito, zoɓo kuwa ba a san ruwan da aka yi da shi ba, ga robobin da yara ke tsintowa a wuraren biki da bola a ɗauraye a sake zubawa. Wannan gaskiya ce, ba mu musa ba, kuma ita ta sa kwamiti bai ce a je tasha a kwaso ba. Matan da aka ba aikin an zauna da su an yi sharaɗi: ruwa sai an tafasa, mazubi sabo ne ƙungiya za ta saya, kunun aya da safiyar ranar za a markaɗa don ba ya jure zama, ba kala, ba filebo, ba garin tsami, ba garin zaƙi. Mata biyu daga kwamitin mata za su kasance a wurin tun daga jiƙo har zuwa tacewa. Maganin ƙazanta tsafta ce da sa ido, kuma kuɗin da da zai tafi wurin dila zai shiga hannun matan da muka san gidajensu, wasunsu marayu suke riƙo.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ya fi tayar da ƙura har a cikin kwamitin: ba za a zuba sukari a cikin tukunya ba. Za a kawo komai yadda yake, a ajiye zuma, mazarƙwaila, dabino da sukari a gefe, kowa ya sa gwargwadon son ransa. Da can ai haka ake yi. Mai fura takan tambaye ka, da kauri ko a tsinke, nono mai tsami ko kindirmo, a sa sukari ko a bari. Mai shayi ya san wanda ke son ganye ya dahu har ya yi bauri, ya san wanda ke son ruwa-ruwa. Kowa da bakinsa, kuma an san shi da shi. Kwalba ce ta zo ta auna wa tsoho mai shekara 70 da yaro mai shekara 7 sukari ɗaya.

Don haka kafin a ci abinci za a ware rabin sa'a a teburi guda a gefen rumfa. Za a jera ƙananan kofuna iri ɗaya, ba suna a jiki sai lamba. Zoɓo iri uku: mai duhu da mai haske, don ba ɗanɗanonsu ɗaya ba, da wanda aka dafa da ɓawon abarba. Kunun zaƙi na gero da na dawa, ɗaya da zaƙin busasshen dankali kamar yadda iyayenmu ke yi. Kunun aya na ɗanyar aya da na soyayya. Ruwan tsamiya da citta da wanda ba citta. A cikinsu za mu saka kofi ɗaya na abin shan kanti mai launin ja, ba za mu faɗi lambarsa ba. Ba za a sa ƙanƙara ba, sanyin randa ya isa.

Yadda ake yi ba wuya. Ka fara dubawa, ka kai hanci kafin baki, don yawancin abin da muke kira ɗanɗano ta hanci yake shiga, shi ya sa mai mura ke cewa abinci ba daɗi. Ka kurɓi kaɗan, kada ka haɗiye nan take, ka bar shi ya zagaya. Ka lura da wanda ya fara isowa, tsami ne ko zaƙi, sannan me ya biyo baya, yajin citta ne a maƙogwaro, ko ƙamshin kanumfari, ko masoro, ko kimba. Bayan ka haɗiye ka ɗan dakata, ka ji me ya rage a baki, kuma ya daɗe ko ya ɓace nan da nan. Ka kurkure da ruwa, ka wuce na gaba. A takardar da za a ba ka, ba a son ka rubuta "da daɗi". Ka nemo kalmar: garɗi, bauri, tsami-tsami, maƙaƙi, lami. Dattawa mata za su zauna a teburin don taimaka wa wanda kalma ta ɓace masa, kuma muna roƙon iyaye su turo yara, don su muka fi nufi.

Babu amsar da ta fi wata. Wani zai tashi ya gane ashe shi mai son tsami ne, shekara da shekaru yana shan zaƙi don shi ake miƙo masa. Wata za ta gane citta ce ke hana ta shan zoɓo, ba zoɓon ba. Wani zai ji komai lami a ranar farko, wannan ba laifin kunun ba ne, harshen da ya saba da cokali 12 sai an bi shi a hankali, a riƙa rage rabin cokali duk bayan 'yan kwanaki har ya farfaɗo. Wani kuma, muna sane, zai zagaye kofunan duka ya nuna na kantin ya ce shi ya fi masa. To madalla, ya zaɓa da harshensa, ba wanda zai yi masa gori. Shago na nan a bakin titi, ya saya da kuɗinsa. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne mutumin da bai kurɓa ba ya yanke wa mutum ɗari hukunci saboda tsoron abin da baƙo zai ce.

Ga ɗan uwanmu mai tayin katan-katan, kwamiti ya ce a isar masa cewa in har niyyar taimakon tana nan, ana buƙatar sababbin jarkoki, manyan randuna huɗu da buhun gawayi. Matan da ke son shiga aikin, ko waɗanda suka san tsohuwar da ta iya kunun tsiro, su ba shugabar mata sunansu kafin zaman kwamiti na gaba. Masu ciwon sukari su sanar da mu tun da wuri don a ware musu nasu.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.